Yadda Na Daina Jiran a Ɗauke Ni

Ni mutumin Gusau ne, can aka yanke mini cibiya, can kuma na koyi tuƙi a hannun kawuna mai tirela da ke jigilar kaya tsakanin Legas da Sakkwato. A 2002 na ci cacar bizar Amurka, lokacin ana barin 'yan Nijeriya su shiga. Na sauka a unguwar Bronx ta birnin Niyok wurin Yayana, wanda ya daɗe a can yana tuƙa tasi. Na yi gadi, na yi wankin mota, kuɗin ba ya zama. A watan Yulin shekarar ne Shugaba Bush ya sa hannu a wani umarni da ya ba baƙon da ke aikin soja damar neman zama ɗan ƙasa ba tare da doguwar jira ba. Ni kuma ga yarinya an sa mana rana a gida, ina son hanyar da zan ɗauko ta. Na shiga soja a 2004, aka horar da ni a barikin Fort Leonard Wood na jihar Missouri, aka ba ni aikin da na iya tun farko, wato tuƙa babbar mota. Na zo hutu gida aka ɗaura aure, na koma.

A 2007, muna cikin ayarin motocin kaya a arewa da Bagadaza, nakiyar da aka binne a gefen hanya ta tashi da motata. Ban san abin da ya biyo baya ba sai a asibitin sojoji na Landstuhl a Jamus, inda na kai hannu zan sosa gwiwa na tarar babu. Ƙafafu biyu, duka daga saman gwiwa. Daga can aka wuce da ni asibitin Walter Reed a Washinton. Ba labarin yaƙin zan bayar ba. Akwai masu cewa a bayan idona Musulmi ya je ƙasar Musulmi da kaki ya ga abin da ya gani. Na ji, kuma wannan hisabi ne tsakanina da Ubangijina. Abin da zan faɗa shi ne yadda mutum ke zama a gida bayan an sallame shi, domin yaranmu na ci gaba da shiga sojan nan, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Kumasi da Nima na ƙasar Ghana, kuma da wuya ka sami wanda ya san abin da doka ta ajiye masa in ta faru.

Zaman asibiti yana ruɗin mutum. Ƙofofi masu faɗi, ƙasa a shafe, banɗaki kekenka ya shiga ya juya, ko'ina ga ƙarfen riƙewa. Ana koya maka tafiya da ƙafar roba, ana tafa maka. Amaryata ta iso ina can, ta tarar da rabin mijin da ta sani, ta yi kukanta a ɓoye ta ɗaure. Har na fara ganin abin da sauƙi.

Sai aka sallame ni daga aiki a 2008 muka koma Bronx. Gidan Yaya a hawa na huɗu yake, tsohon gini, babu lif. Mai ƙafar roba biyu daga saman gwiwa yana iya hawa bene, amma aiki ne da ke cinye ƙarfin yini guda, kuma ranar da dungulmin ya kumbura ko ya yi ƙuraje ba a sa ƙafar ko kaɗan. Don haka Yaya da wani maƙwabcinmu ɗan Damagaram su ne matakalata. Ɗaya ya goya ni, ɗaya ya bi mu da keke. Ana sauke ni a bakin ƙofa kamar buhun gero, ina godiya, suna haki suna cewa ba komai. Kuma har ga Allah ba su taɓa nuna gajiya ba. Amma sai na lura na fara tsara rayuwata a kan lokacin da Yaya zai dawo daga tasi. Juma'a ta wuce ni sau da dama don kawai ban iya buɗe baki na ce a sake sauke ni ba.

Muka samu ɗakin haya a ƙasa. Na ce an gama. Ashe babbar matsalar tana bayan wata ƙofa 'yar siririya, ƙofar banɗaki. Kekena ya fi ta faɗi da kamar yatsa biyu. Sai in tsaya a bakinta, in kulle tayoyi, in sauko ƙasa da hannu, in ja jiki a kan tayil mai sanyi har gindin masai, sannan in ɗaga kaina sama da ƙarfin damtse. Buta tana ƙasa, ni ina sama, hannu ɗaya yana riƙe da bango don kada in kife. Wanda bai rasa ƙafa ba bai san cewa da ƙafa ake zama ba. Sau da yawa dole in kira uwargida ta riƙe ni ko ta zuba mini ruwa. Wanka kuwa a cikin bahon nan nasu mai tsayin baki ake yi, shiga da fita sai ta sa kafaɗarta a hammatata. Yarinya ce ƙarama, ga ciki. Wata asuba santsi ya ɗebe mu duka biyu, ta bugu a ƙugu, ta tashi tana tambayata ko na ji ciwo. Daga ranar na rage shan ruwa da yamma don kada in tashe ta cikin dare. Alwala na koma yi a roba a tsakar ɗaki, a shimfiɗa tawul, a kawo, a kwashe.

Kuɗi ba su ne damuwar ba. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wadda kowa ke kira VA, tana auna naƙasar da mutum ya samu a bakin aiki daga sifili zuwa kashi 100, ta riƙa biyansa diyya duk wata, ba a cire haraji a ciki, kuma wanda ya rasa gaɓa yana da ƙari na musamman. Ana ba ni. Muna ci muna sha, har ina aika wa Inna. Sai dai kuɗin da ke banki ba ya faɗaɗa ƙofa.

Wani dattijo baƙar fata, tsohon sojan yaƙin Biyetnam, shi ya buɗe mini ido. Yana aiki da ƙungiyar DAV, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da ke taya mutum cika takardu kyauta. Akwai irinta kamar VFW da American Legion. Na nanata kyauta, domin akwai 'yan damfara da ke yawo suna neman kaso a abin da za a ba ka. Dattijon bai tambaye ni nawa ake biyana ba. Cewa ya yi: "Ɗana, yaya kake shiga banɗaki?" Na yi shiru, don ba tambayar da ake yi wa magidanci ba ce a wurinmu. Ya ce shirun ya ishe shi amsa, ya jawo takarda ya zana mini abin da ke akwai.

Na farko ƙaramin tallafin gyaran gida ne, ana ce masa HISA. Likitan VA ne ke rubuta cewa lafiyarka na buƙatar gyara kaza a gida, kamar yadda yake rubuta magani. A lokacin iyakarsa dala 4,100 ne, daga 2010 ya koma 6,800 ga wanda naƙasarsa ta aiki ce, 2,000 ga wanda tasa ba ta aiki ba ce. Adadin na tsawon rai ne, in ya ƙare ya ƙare. Amfaninsa shi ne ko a gidan haya kake ana yi, in mai gidan ya sa hannu. Namu mai gidan ya yi ta ja mana rai, yau zai duba, gobe lauyansa. Dattijon ya rubuta masa wasiƙa ya tuna masa cewa tun 1988 dokar gidaje ta ƙasar ta hana mai gida hana naƙasasshe yin gyaran da ya dace, muddin ba daga aljihun mai gidan za a biya ba. Ya sa hannu. Aka faɗaɗa ƙofar, aka kafa ƙarafunan riƙewa, aka sa benci a kan bahon. Ba a taɓa yi mini kyautar da ta kai wannan ƙofa ba.

Babban kuwa shi ne SAH, tallafin gina gida ko saye ko gyara shi don ya dace da jikin mai shi. Tun 1948 ake ba da shi, an faro shi ne saboda sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu a kan keke. Na wanda ya rasa ƙafafu biyu ne ko suka daina aiki, da wasu raunuka masu nauyi irin haka. Yana da ƙane, SHA, mai ƙaramin adadi, na wanda ya rasa hannaye biyu, ko ya yi mummunar ƙuna, ko wasu cututtukan numfashi. Akwai kuma TRA, wanda aka ƙirƙiro a 2006, don gyara gidan ɗan'uwanka in a wurinsa kake zaune na wucin gadi, amma sai ɗan'uwan ne ya mallaki gidan. Yaya haya yake, don haka wannan bai shafe mu ba. SAH kuma sai gidan kanka. A shekarar da aka sallame ni aka ɗaga shi daga dala 50,000 zuwa 60,000, aka kuma ce ya riƙa ƙaruwa da tsadar gini. Tallafi ne, ba bashi ba.

Nan muka sami saɓani da Yaya. Dala dubu sittin ba ta sayen ko ɗaki a Niyok, kuma ni ban yarda in ci bashin banki mai ruwa ba. Mafita ita ce barin garin. Da na faɗa masa, ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Ƙanena, mun gaza ne? Ko wani ya yi maka gori? Muna raye za ka tafi wata uwa duniya ka zauna kai kaɗai da mace mai goyo?"

Na ce, "Yaya, ba ku gaza ba. Bayanka nake ji. Shekara nawa za ka yi kana goya ni? Ranar da ka kwanta ciwo fa?"

Ya ce ɗan'uwa rabin jiki ne. Na ce haka ne, amma ragowar rabin nawa ina so in ga iyakar abin da zai iya. Har ya kira Inna a waya don ta hana ni. Ita kuwa, Allah ya ƙara mata lafiya, cewa ta yi: "Ku bar shi. Tun yana yaro ba ya son a ɗaure masa wando." Na fahimci Yaya. A wurinmu kula da mara lafiya shi ne a yi masa komai, kada a bar shi ya ɗaga ko cokali, kuma wanda ya ce zai yi da kansa kamar ya raina zumunci ne. Ni dai a ganina akwai kulawar da ke ƙara wa mutum naƙasa, ko da da zuciya ɗaya aka yi ta.

Muka zaɓi Columbus a jihar Ohio, inda akwai masallatai da mutanen Afirka ta Yamma, kuma gidaje sun faɗi warwas bayan rikicin tattalin arzikin 2008. Akwai inshorar raunin soja, TSGLI, da ke biyan daga dala 25,000 zuwa 100,000 a dunƙule. Ban taɓa nawa ba. Na haɗa da ajiyata, Yaya da ya huce ya cika mini rance, muka sayi tsohon gida mara bene a 2010. Na cika takardar neman SAH mai lamba 26-4555, aka haɗa ni da jami'in da ke kula da irin wannan aiki, ya zo da tef ɗin awo.

Abin da ya burge ni shi ne komai da ma'auninsa. Gangaren da keke zai hau, duk tsayin inci ɗaya sai an ba shi tsawon ƙafa ɗaya, in ba haka ba hawa ya gagara, sauka kuma ta zama haɗari. Ƙofa inci 36. Fili a banɗaki da ɗakin kwana da keke zai juya ba tare da ya ja da baya ba, wajen ƙafa biyar. Hanyar fita biyu, nesa da juna, saboda gobara. Ni ban taɓa tunanin wannan ba, sai da ya ce in wuta ta tare ƙofar gaba, mai ƙafa zai dira ta taga, kai fa? Muka sa rufi a kan gangaren saboda ƙanƙarar hunturu, aka kuma buɗe hanya daga gareji kai tsaye zuwa cikin gida.

A banɗaki na fi daɗewa da shi. Aka fasa bahon aka yi wurin wanka mara dakali, keken wanka ya shiga har ƙarƙashin shawa. Na ce ina son tiyo mai kan feshi a gefen masai, a dama, inda hannu zai kai ba tare da na karkata ba. Ya tambayi dalili, na yi masa bayanin tsarki da ruwa da salla biyar. Bai yi gardama ba, ya rubuta. Wurin wanke hannu aka bar ƙarƙashinsa a buɗe don in shige da keke, aka naɗe bututun ruwan zafi kada ya ƙona mini dungulmi, aka sa famfo mai dogon wuya da gwiwar hannu za ta shiga ƙarƙashinsa a yi alwala ruwa bai jiƙa riga ba. Madubi ma aka sauko da shi. Na yi shekaru ban ga fuskata a madubin bango ba sai saman hulata.

A kicin uwargida ce ta ja daga. Tsarin farko ya sauko da murhu da kanta duka zuwa tsayin mai zaune. Ta ce, "Maigida, a tsaye ake tuƙa tuwo. In aka sauke murhun nan, kai ka warke ni na kama ciwon baya." Gaskiyarta. Aka bar mata murhunta, aka yi mini ɓangare guda mai ƙasa, da wurin dafa shayi da soya ƙwai.

Ba hannunka ake damƙa wa kuɗin ba. Ana ajiye su, a riƙa sakar wa magini kashi-kashi bayan an duba aikin da ya yi. Da farko na ga kamar rashin yarda ne, sai da maginin namu ya karkata daɓen wurin wanka ta inda bai kamata ba, ruwa ya riƙa bin ƙofa yana shiga falo. Ya so ya lallaɓa ni da cewa a sa tsumma. Mai duba aiki ya zo ya zuba bokiti guda, ya ga inda ruwan ya bi, ya ce ba za a saki sauran kuɗi ba sai an fasa an sake. Aka fasa.

Gini kaɗai ba ya koya wa mutum zama. Akwai wani shiri a ƙarƙashin sashen koyar da sana'a na VA, na wanda rauninsa bai bar shi ya koma aiki yanzu ba. Manufarsa mutum ya iya tafiyar da rayuwarsa a gida da cikin jama'a ba tare da dogaro da wani ba. Yakan kai wata 24, ana iya ƙarawa. Mai ba da shawara ya zauna da kai ku rubuta abin da kake son iyawa. Na rubuta: wanka, girkin safe, kai yaro makaranta, zuwa masallaci. Wata ma'aikaciya ta riƙa zuwa tana nuna mini yadda ake tashi daga ƙasa a koma keke ba tare da an yaga kafaɗa ba, yadda ake ɗaukar jariri a cinya ana tura taya, inda za a ajiye kaya don kada a riƙa miƙa. Ƙananan abubuwa ne, amma su ne yinin mutum.

Sai mota. Ana ba da tallafin sayen mota, a lokacin dala 11,000, aka ɗaga shi zuwa 18,900 a ƙarshen 2011, kuma kayan da ake ƙara mata, irin sandar da ake ba da wuta da taka birki da hannu, lissafinsu daban. Ni da na tuƙa tirela sai ga ni ɗan koyo, malami a gefe. Kwakwalwa ta daɗe tana aika saƙo ga ƙafar da babu. Ranar da na kai kaina Juma'a, na fito da keke daga bayan kujera na haɗa tayoyinsa da kaina a wurin ajiye motoci, wani bawan Allah ya rugo zai taimaka, na ce ya bari, na gode.

Ita ma uwargida doka ba ta manta da ita ba. A watan Mayun 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar masu jinyar tsofaffin sojoji, aka fara aiki da ita a 2011: alawus duk wata, horo, inshorar lafiya ga wadda ba ta da ita, da hutun aƙalla kwana 30 a shekara inda wani zai karɓe ta. Da farko ta ƙi, wai ta yaya za a biya ta kuɗin kula da mijinta, ladanta fa? Malaminmu ya ce mata karɓar haƙƙi ba ya cin lada. Ana sake duba buƙatar mutum lokaci-lokaci, kuma da hannuna ya ƙarfafa muka fita daga shirin, ta shiga makarantar koyon jinya.

Na je gida gaishe da Inna. Zaure da dakali, kwata a ƙofar gida, masai na tsugunno. Cikin yini ɗaya na koma wanda ake ɗauka. Yara suka biyo keken, wata tsohuwa ta miƙo mini naira hamsin da kyakkyawar niyya. Na karɓa don kada in kunyata ta. Na kuma zauna da wani yaron unguwarmu da ya rasa ƙafa a fagen daga a Borno, ya tambaye ni yadda nake wanka, na rasa ta inda zan fara. Nijeriya ta yi dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Amma gyaran da ya fi kusa ba ya jiran gwamnati: kafin in taho mun sa birkila ya zuba gangare a ƙofar ɗakinsa, aka ɗora masa masai na zama, maƙeri ya lanƙwasa bututun ƙarfe aka kafa a bango. Kuɗin bai kai na ragon layya ba.

Yanzu kafaɗuna sun fara ƙara. Shekaru ana tura taya ana ɗaga jiki, likita ya ce lokacin keke mai batir ya yi, shi kuma ya fi faɗi da nauyi, yana son wurin caji da ƙarin fili a ɗakin kwana. Dokar da aka sa wa hannu a Agustan 2020 ta ƙara adadin SAH, ta kuma mai da damar amfani da shi sau shida a rayuwa maimakon uku. A shekarar kuɗi ta 2024 iyakarsa ta kai dala 117,014, na SHA 23,444. Wanda ya ci nasa tun adadin yana ƙasa, bambancin da ke tsakani yana nan yana jiransa. Tsofaffi da yawa ba su san wannan ba. Tun 2008 kuma doka ta yarda a yi amfani da shi a gidan da ke wajen Amurka, abin da ya sa Inna ta dage in zo in gina a filin mahaifinmu. Uwargida ta ce sai yara sun gama makaranta. Na sake cika takardar, a wannan karon don ɗakin kwana da na'urar ɗaga mutum daga gado. In an gama aka ga abin da ya rage, sai mu koma kan maganar Gusau.